Gyalen Maman Rabi

"Miƙo hannu biyu, Maman Gilbert. Ba ta da nauyi, amma akwai zillo."

Milka ta ɗaga hannuwanta bisa katangar da ta raba gidanta da na Rahmatu, ta karɓi ƙunshin. Gyale ne ruwan toka, wanda Rahmatu ke yafawa kullum, an naɗe wani abu mai ɗumi a ciki. Abin ya motsa, ya turo kai waje, kunnuwan sun fi fuskar girma, ya yi wani siririn kuka.

"Satinta bakwai," in ji Rahmatu. "Uwar ta gudu ranar wuta, ba ta dawo ba. 'Yan'uwanta uku duk sun mutu, ita kaɗai ta rage. Da cokali na yi ta ba ta madara. Jamilu ya ce ba za a shiga jirgi da kyanwa ba, wai in bar ta ta nemi abincinta. Don Allah dube ta. Wannan ce za ta nemi abinci?"

"Maman Rabi, kin san gidana. Karnuka biyu, kyanwa biyu."

"Na sani. Wa zan ba in ba ke ba? Amana ce na ba ki. Kada ki bari Kwal ya cinye min ita."

Shekara ashirin da shida matan nan biyu suna magana ta kan katangar nan, har wurin da suke dafawa ya yi santsi ya yi baƙi. Rahmatu ba ta shiga gidan Milka saboda karnuka, Milka kuma ba ta taɓa jin haushin hakan ba. Naman Sallah ta nan yake haurowa. Shinkafar Kirsimeti ta nan take haurawa, da kazar da Azariya mijin Milka ke kai wa Malam Siddiƙu mijin Rahmatu ya yanka don kowa ya iya ci. Duk wadda ta ari abu, in ta gama sai ta ɗora shi a wurin, ta danne da dutse, ta kira sunan mai shi.

Sai ga watan Maris na 1987, garin Kafanchan ya rikice. Aka ƙone rumbun cittar Malam Siddiƙu ƙurmus, unguwa ta kwana uku tana warin ƙonanniyar citta. Kwana biyu Rahmatu da mijinta da autarsu Rabi'a suka yi a ɓoye a uwar ɗakin Milka, Kwal yana bakin ƙofar gida yana haushi har muryarsa ta dushe. Yanzu babban ɗansu Jamiluddeen ya zo daga Zariya ya ce ya isa haka. Kaya sun riga sun tafi a babbar mota jiya, su kuma yau za su bi jirgi. Mutanen unguwa na cewa sun koma gida. Wane gida? A bayan tashar jirgin nan aka haifi Rahmatu, a nan aka binne uwarta.

"Ga gyalenki," in ji Milka, tana ƙoƙarin zare kyanwar.

"A'a, bar ta a ciki. Ƙamshina ta sani. In ba ta ji shi ba, ba ta barci."

"Inna! Mai tasi yana jira!" Muryar Jamiluddeen ce daga zaure.

Rahmatu ta kama hannun Milka a kan katangar, ta matse. "Kada ki zo tasha. In kika zo ba zan iya shiga jirgin ba. Ki yafe min duk abin da na yi miki."

"Me kika yi min? Ubangiji ya kai ku lafiya."

Milka ta ji ƙarar kwaɗo a ƙofar gidan can, sannan ta ji tasi ya tashi. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya dai riƙe da ƙunshin har sai da ta ji numfashi mai zafi a ƙwaurinta.

Kwal ne. Baƙin kare ne dogo, mafarauci, babu gafiya ko zomon da ya taɓa shiga gonar Azariya ya fita da ransa. Ya kafe, wutsiya a miƙe, hanci yana rawa, idonsa a kan gyalen. Birki, tsohuwar karyar da ba abin da ke tashinta daga gindin mangwaro sai abinci, yau ita ma ta taso. Azariya ne ya raɗa musu sunayen, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana juya layin dogo a reluwe, komai na gidan sai da ya sa masa sunan jirgi. Sunan kyanwa kawai ya bar wa Milka. Lami, babbar kyanwar gidan, tana kan murhu, ta gantsare baya ta yi huci, ɗanta kuwa ya haye rufin kicin ya ɓace.

"Kwal, tafi can! Na ce tafi!"

Kare bai motsa ba sai da Azariya ya fito da rediyonsa a hannu ya yi masa fito.

"Mece ce wannan kuma?"

"Kyanwar Maman Rabi ce."

Ya leƙa gyalen, ya girgiza kai. "Kai, kai. Wannan loma ɗaya ce a bakin Kwal. Maman Gilbert, ki ji ni da kyau. Kare ba da ido yake sanin nasa ba, da hanci ne. Abin da ba ya warin gidan nan, nama ne a wurinsa. Ki cire wannan gyale yanzu. Ki goge ta da ruwan ɗumi, ki murza ta da buhun da suke kwanciya a kai, ki sa mata toka. Sai ki shafa mata manja a kai da baya, ki ajiye gaban Lami. Lami ba za ta iya barin manja ba. In ta lashe ta tas, ta zama ɗiyarta, kare kuma ba ya taɓa abin da ke warin Lami. Haka mamana ke yi a ƙauye."

"Ta ce in bar ta a ciki."

"Ita ba ta taɓa ajiye kare ba. Ina ta san wannan?"

"Na ce ta ce in bar ta a ciki, Baban Gilbert!"

Ya dube ta. Ya san matarsa. In muryarta ta hau haka, ba maganar da ake yi ba ce ke cin ta.

Gaskiya ba umarnin Rahmatu kaɗai ya hana ta ba. Gyalen nan yana ƙamshin turaren wutar da Rahmatu ke sawa kowace yamma, wanda ke haurowa katanga daidai lokacin da Milka ke tuƙa tuwo. Jikin 'yar kyanwar ma duk shi ne, har cikin kunnuwanta. Milka ta shiga ɗaki, ta zauna bakin gado, ta cusa hancinta a ƙunshin, ta daɗe a haka. Kewa ta riga ta kama ta, alhali tasi bai ma kai tasha ba.

Ta jiƙa burodi a madara, 'yar kyanwar ta lasa kaɗan ta koma cikin gyale. Ta ɗauko kwandon da take kife 'yan tsaki da shi, ta kife ta a tsakar ɗaki, ta ɗora turmi ƙarami a kai, ta ja ƙofa. Kwal ya zo ya kwanta a bakin ƙofar, hancinsa a ƙasan ƙyaure.

Wanke-wanke ya ƙi yiwuwa. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta buɗe tukunyar accar da ta yi tanadi don Ista, ta auna mudu biyu a leda. Malam Siddiƙu yana da ciwon suga, kuma tuwon acca ne abincinsa. A Zariya wa zai ba shi mai kyau irin wannan?

"Ba ta ce kada ki je ba?" in ji Azariya.

"Acca kawai zan miƙa in dawo."

"Jirgin da ke tasowa daga Fatakwal zuwa Kano ne, kin san halinsa. Sai la'asar ma in ya ga dama." Ya gyara zama a kan benci. "Su suna tafiya can, namu suna dawowa nan. Rufus da yaransa biyar, da rigar jikinsu kawai suka sauka a tashar nan. Jirgi ɗaya ke kaiwa yana kawowa."

Rufus ƙanensa ne, makaniki a Zariya, wanda shi ma aka ƙone masa komai a makon da aka ƙone rumbun Malam. Milka ta ɗauki ledar. Ta ce, "Kada ka buɗe ɗakin nan," ta fita.

Ta bi ta gefen kasuwa da sauri, tana tsallake taɓon ruwan farko da aka yi jiya. Masu doya suna kiranta, ba ta waiwaya ba. Tana shirya maganar da za ta faɗa, har da zolayar da za ta yi don kada su yi kuka. Da ta shiga tasha sai ta ga dandamali wayam, sai ɓawon rake da wata akuya.

"Jirgin Kano fa?" ta tambayi wani ma'aikaci mai jar tuta a hammata.

"Mama, ai ya tashi tun sha ɗaya da rabi. Yau a kan lokaci ya zo. Mu kanmu mun yi mamaki."

Shekara talatin da ɗaya mijinta yana aikin nan, ba ta taɓa jin jirgin nan ya zo a kan lokaci ba sai yau. Ta zauna a kan bencin ƙarfe da ledar acca a cinya, ta yi kukan da ba ta yi ba da safe. Ma'aikacin ya kau da kai, ya tafi abinsa.

Tun daga bakin layinsu ta jiyo haushin karnuka da ihun Azariya. Ta ruga.

Ƙofar ɗaki a buɗe, kwando a gefe, turmi ya gangara ƙarƙashin kujera. A tsakar gida Birki tana jan wani tsumma a cikin taɓo. Kwal yana raɓe a bayan rijiya yana kuka, ya ɗage ƙafa ɗaya. Azariya yana tsaye da taɓarya a hannu, yana haki, bayan hannunsa yana jini.

"Yesu! Baban Gilbert, ina take?"

"Batir na shiga ɗauka. Batir kawai. Kafin in juya ya bi ta tsakanin ƙafafuna." Ya nuna ƙofar da taɓaryar. "Ya ture kwandon, ya cafki gyalen da ita a ciki, ya girgiza. Allah ya sa ta faɗo. Tana ƙarƙashin gado. Na sa hannu in ɗauko ta, ta yakushe ni."

"Na ce maka kada ka buɗe!"

"Na ce miki ki cire gyalen!" Ya jefar da taɓaryar. "Shekara shida ban taɓa dukan karen nan ba. Shi ya tsare ƙofar nan kwana biyu, kin manta? Yau na kusa karya masa ƙafa saboda ya yi abin da na koya masa."

Milka ta durƙusa, ta kwanta rub da ciki a siminti, ta leƙa ƙarƙashin gado. Idanu biyu a can lungu, bayan akwatin ƙarfe. Ta kira ta da irin tsotsar leɓen da ta sha jin Rahmatu tana yi ta bayan katanga. Sai da ta yi kusan minti goma kafin abin ya rarrafo. Kunnen hagu ya tsage kaɗan, bayanta ya jiƙe da yawu, zuciyarta tana bugawa a tafin Milka kamar za ta fito. Amma ƙafafu huɗu lafiya.

Ta zauna a ƙasa da ita. Ko rana ba ta faɗi ba, saura kaɗan amanar ta mutu a ɗakinta, kuma ta san laifin wa. Ba na Kwal ba ne, ba na batir ba ne. Ta kai hancinta wuyan kyanwar. Ƙamshin yana nan, ƙarƙashin warin kare. Ta shaƙa sau ɗaya, ta ƙara.

"Baban Gilbert," ta ce, "ɗora min ruwa a wuta. Ka ɗaure karnukan tukuna."

A bakin murhu ta yi aikin. Ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta goge ta, kai da ciki da tsakanin yatsu, tana kauce wa kunnen. 'Yar kyanwar tana kuka, tana kafa mata farce a zane. Azariya ya kawo buhun da karnuka ke kwana a kai da tsohuwar rigar da Lami ta mallake, Milka ta murza ta da su, ta barbaɗa mata toka mai sanyi ta kakkaɓe. Sannan ta tsoma yatsa a kwalbar manja, ta shafa mata daga goshi har gindin wutsiya.

"Ƙara kaɗan a wuya," in ji Azariya. "Yauwa. Ajiye ta, ki matsa baya. Kada ki sa baki."

Lami ta sauko daga kan itace a hankali, kunnuwa a kwance. Ta yi huci. Ta ɗaga hannu ta kai wa 'yar mari a ka, 'yar ta faɗi gefe. Milka ta yunƙura, Azariya ya riƙe mata kafaɗa.

"Bari. Tsohuwa ce, sai ta nuna gidanta ne."

Lami ta zagaya, ta sunsuna. Ta lasa sau ɗaya, ta tsaya kamar mai tunani. Ta sake lasa. Can sai ta danne 'yar da hannu ɗaya ta shiga lasarta da gaske, goshi, wuya, baya, har kunnen da ya tsage. Manjan ya ƙare tuni, ba ta daina ba. Kukan 'yar ya ragu, ya koma gurnani.

Birki aka fara kawowa. Ta sunsuna, ta yi hamma, ta koma gindin mangwaronta. Sannan Azariya ya kwanto Kwal, ya naɗe igiyar sau biyu a hannu. Kare ya zo yana ɗingishi. Milka ta riƙe numfashi, tana addu'a a ranta da yarensu. Ya kai hanci kan 'yar kyanwar, ya bi bayanta har wutsiya, ya dawo. Lami ta zuba masa ido. Ya yi atishawa, ya dubi Azariya, ya kwanta ya hau lasar ƙafarsa.

"Shi ke nan," in ji Azariya. "Kwana uku dai kada a bar su su kaɗai. Amma ya karɓe ta." Ya durƙusa ya shafa kan karen, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana ba shi haƙuri.

Saura gyalen. Milka ta tsamo shi daga taɓo. Ya yage a gefe biyu, ya jiƙe sharkaf da yawun karnuka. Da wannan gyalen Rahmatu ke salla. Milka ta tuna shekarar da Birki tana ƙarama ta lashe kwanon da Rahmatu ta aiko da tuwo, yadda Rahmatu ta yi dariya ta bayan katanga ta koya mata: sau bakwai ake wankewa, na farko da ƙasa. Ko dokar ta kwano ce kaɗai, ko har da tufafi, Milka ba ta sani ba, kuma babu wanda za ta leƙa ta tambaya.

"Ki ɗauraye kawai ki shanya," in ji Azariya. "Wa zai gani?"

"Ni na gani."

Ta ja ruwa a rijiya. Ta cuɗa shi da jar ƙasa, ta ɗauraye. Ta sa sabulu, ta ɗauraye. Tana ƙirgawa a fili, guga bayan guga, har bakwai. Ta matse, ta shanya a igiya, rana da iskar hadari suka busar da shi kafin la'asar sakaliya. Ta zauna ta ɗinke yagar da baƙin zare, don shi kaɗai gare ta. Da ta gama ta ninke shi, ta kai fuskarta. Sabulu. Ta juya ɗaya gefen, ta buɗe ninkin, ta nemi bakin da ke taɓa wuya. Sabulu ne kawai.

'Yar kyanwar tana barci a jikin Lami a gefen murhu, Kwal yana kwance taku uku daga wurin, ko kallonsu ba ya yi. Milka ta ɗago ta a hankali, ta sunsuna wuyanta, ta sunsuna cikin kunnen. Manja, toka, hayaƙin itacen kicin ɗinta.

"Kin gani?" in ji Azariya daga kan benci. "Ta zama 'yar gida. Kin riƙe amana."

"Na riƙe," ta ce.

Ta mayar da ita jikin Lami. Lokacin ɗora tuwo ya yi, lokacin da turare ke haurowa. Ta ɗauki gyalen ta nufi katanga, ta ɗora shi a wurin nan mai santsi, ta danne da dutsen da ke nan kullum. Bakinta ya riga ta.

"Maman Rabi! Ga gyalenki!"

Azariya ya rage muryar rediyo. A gidan can babu abin da ya motsa, sai wata ƙofa da iska ke bugawa. Gabas ta yi baƙi, an fara walƙiya ta wajen duwatsun Kagoro.

"Maman Gilbert," ya ce a hankali, "ruwa na zuwa. Ki shigo da shi."

Ta dafa katangar da hannu biyu, ba ta juyo ba.

"Bar shi ya ɗan jima," ta ce.